Kalangun Yaya a Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a majalisarmu ta Ƙofar Kuyambana a nan Zariya sai wani ya ce, "Malam Tanimu, ina motar?" Wai ba a taɓa jin wanda ya je Kwatano ya dawo da buhun da ya tafi da shi ba. In na ce kiɗa na je yi, su ce bikin wa. In na ce ba bikin kowa ba ne, sai a kwashe da dariya a ce in dai faɗi gaskiya. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Ga wanda bai san mu ba, gidanmu gidan makaɗan mahauta ne tun kakanni. Mu biyu muka gaji abin, ni da yayana Sale. Shi ke riƙe babban kalangu, shi ke magana da shi, ya kira taken kowane mahauci, wato ɗan kiɗan da aka san mutum da shi, har ka ga ƙato ya ajiye wuƙa yana rangaji. Ni ƙaramin nake riƙewa ina karɓa masa. Ya faɗa, in amsa. Shekara talatin da ɗoriya ban taɓa sa makaɗi a fata kafin ya sa ba, kuma ban taɓa jin an tauye ni ba. Haka muka tarar ana yi. Babba ke buɗe kiɗa, babba ke rufewa.

Damina biyu ke nan da Allah ya karɓi abinsa. Tun ranar na rataye nawa kusa da nasa a ƙusar zaure, na koma ɗinkin fata. Ba rantsuwa na yi ba. In na ɗauki makaɗi sai in tsaya ina jira, abin da nake jira kuwa ba zai zo ba. 'Ya'yanmu duk sun kama wasu hanyoyi. Kalangun da ba a kaɗawa kuwa lalacewa yake yi, tsarkiyar da ke ɗaure da shi ta bushe, fata ta tsage. Kullum in zan fita sai in kau da kai daga ƙusar nan.

Ana nan sai Malam Ilu, wani abokina da ke aiki a unguwar Kongo ta nan Zariya, ya zo da waya a hannu ya ce ana magana da ni. Wani mutumin Kwatano ne mai suna Kojo, wanda ya yi karatu a Kongo tun muna samari. Na tuna shi sarai. Dogo ne, yakan zo mayanka da safe ya tsaya nesa da jini yana sauraronmu, mahauta na tsokanarsa. Yanzu ya zama mai busa ƙahon Turawan nan da ake kira saksafon, yana so mu zo mu biyu a ɗauki faifai. Sai na gaya masa Yaya ya rasu. Sannan ya ce da Hausarsa mai ɗingishi, "Kai ka zo. Ka zo da kalangun duka biyu."

Na amsa, amma da wata niyya a raina da ban gaya wa kowa ba. Zan kai masa babban kalangun in bar masa kyauta. Gara ya zauna a hannun wanda ya san darajarsa da ya lalace ina kallo. Na kuma san abin da hakan ke nufi: in ya bar zauren nan bai dawo ba, kiɗa ya ƙare a gidanmu. Yaya Asabe, matar marigayi, ita ta ɗaure bakin buhun. Ba ta tambaye ni komai ba, ta dai ce, "Tanimu, ka kiyaye shi daga ruwa."

Rigimar farko a Kaduna na yi ta, da kwandastan motar Legas. Ya dage sai buhu ya shiga but ɗin motar tare da albasa, na ce sai dai ni in shiga but ɗin. Wata Bayarabiya mai sayar da atamfa ta raba mu. Ta matsa ta ba buhun wuri a tsakaninmu, ta raɗa masa suna Maigida. In an tsaya cin abinci sai ta leƙo ta ce, "Maigida ba zai ci ba?" A cikin babban kalangun akwai 'yan tsakuwoyi da Yaya ya tsinto a bakin rafin Kubanni ya zuba tun ranar da aka ɗaura masa fata. Duk ramin da mota ta faɗa sai su yi motsi a gefen kunnena. Ina gyangyaɗi ina farkawa har na daina rarrabe garuruwa. Na san dai mun haye babban kogi, ƙasa ta yi shar, kuma a wani wuri na yi mafarkin ina tafe bayan Yaya a lungun gidanmu, lungun ya ƙi ƙarewa.

A kan iyaka tsakuwoyin nan suka so su ja mini. Wani jami'i ya ɗaga buhun ya girgiza, ya ji motsi a ciki, fuskarsa ta canja. Aka ce in kwance. In kuwa aka ce sai an ga cikin kalangu, to sai an farke fata. Allah ya taimake ni babbansu ya fito, ashe Bahaushe ne, daga jin maganarsa Bakatsine.

"Malam, kai ne makaɗin?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"To kaɗa mana mu ji."

Na ɗauki ƙaramin na ɗan taɓa, abin da bai kai a kira shi kiɗa ba.

"Babban fa? Ai shi ne mai ƙarar a ciki."

"Ba nawa ba ne, na yayana ne."

"Shi yana ina?"

"Ya riga mu gidan gaskiya."

Ya dube ni, ya dubi kalangun. "Allah ya jiƙansa," in ji shi. Da hannunsa ya mayar da shi cikin buhu, ya ce a bar ni in wuce.

Kwatano gari ne na babura. 'Yan acaɓarsu duk rawayar riga suke sawa, mata kuma na tuƙa nasu da kwando a gaba, ba mai kallonsu. A bakin titi na ga manyan kwalabe jere cike da wani abu ja-ja, na ce wa Kojo, wanda ya zo tarbata, ashe suna da zuma haka. Ya ce fetur ne. Gaisuwarsu kuwa ba ta da tsawo, kalma ɗaya an gama. Ni ina kan tambayar mutum gajiya da iyali, shi har ya sha kwana.

A gidan gwaggonsa ya sauke ni, wata tsohuwa da ake kira Maman Roza, a wani ɗakin sama mai kallon ruwa. Ba ta jin Hausa, ni ba na jin ko ɗaya daga harsunanta, amma ban taɓa hira da mutum kamar yadda na yi da ita ba. Da safe za ta kawo burodi dogo kamar sanda da kofi a kwano, ta zauna ta yi ta zuba nata, ni ma in yi ta zuba nawa. In muryarta ta sauka in ce "Allah sarki," in tawa ta hau ta tafa hannu. Da rana akasa ce, 'yar'uwar kafarmu ta masara, da soyayyen kifi da barkonon da ya sa na ga taurari da tsakar rana. Abin da ya dame ni shi ne iskar garin. Jiƙaƙƙiya ce, kwana ɗaya fatun kalangun suka saki. Kullum sai na hau da su soro sun sha hantsi, ita kuma tana gadi, da ta ga gajimare sai ta rufa musu zanenta.

Wurin ɗaukar faifan wani ɗaki ne a bayan gida, an liƙe bangonsa da kwalin ƙwai da tsoffin katifu. Mu huɗu ne. Ga Kojo da ƙahonsa. Ga wata mata mai suna Adela, rungume da wata garayar Turawa da ta fi ta tsayi, a tsaye ake kaɗa ta, ana ce mata bes. Ga wani tsoho, Baba Firmin, da tebur cike da kwalabe da sarƙoƙi da ƙararrawar keke, na zaci kayan gwangwan ne aka manta ba a kwashe ba. Mai ɗaukar sauti yana bayan gilashi. Da ya ga kalangu biyu sai ya ɗora babban a kan kujera shi kaɗai a gefena, ya kafa masa nasa makirufo. Ba ni da Faransancin da zan ce masa ba mai taɓa wannan, sai na ƙyale.

Kojo ya ce abin da suke yi ana kiransa jaz, amma ko a cikin masu jaz ɗin akwai waɗanda ke cewa ba nasu ba ne. Ba waƙa, ba shiri, ba shugaba. Na ce taken wa za a fara da shi. Ya ce ba na kowa ba. Na ce to wa ake yi wa kiɗan. Ya nuna mini wata jar fitila a saman ƙofa.

Fitilar ta kama. Kojo ya hura ƙaho, iska kawai ta fito. Adela ta ja wata sanda mai gashi a kan igiyoyi, abin ya yi gurnani kamar sa a mayanka. Baba Firmin na jan sarƙa a kan faranti. Na ce a raina gyaran kaya ake yi, mu ma mukan ja tsarkiya mu ɗan taɓa kafin a fara. Na naɗe hannu cikin ladabi ina jira. Suka yi ta gyara, suka yi ta gyara, har na fara tausaya musu, kaya masu kyau haka sun ƙi gyaruwa. Can fitila ta mutu, Adela na share gumi. Na ce wa Kojo, "To, a fara mana." Ya fassara musu. Baba Firmin ya yi dariya har sai da aka ba shi ruwa.

Da aka sake sai na kama abin da na iya. Na ɗauki Kojo a matsayin babba, tun da shi ya kira ni. Ya busa, in amsa. Ya karkata, in bi shi in gyara masa zama. Duk inda ya nufa sai ya tarar na kafa masa kiɗa mai tafiya daidai, irin wanda za a taka rawa da shi. A ganina ban taɓa yi wa baƙo hidima irin wannan ba. Sai ya cire ƙaho daga baki.

"Malam Tanimu, kada ka bi ni."

"To wa zan bi?"

"Kada ka bi kowa."

Adela ta faɗi wani abu a hankali, na ce a fassara mini. Kojo ya ce wai ina da hannu mai kyau, amma duk inda suka buɗe ƙofa sai in rufe. Maganar ta yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. A Zariya, mai karɓin da ya bar babbansa shi kaɗai a fili ya ci amana. A nan kuma wai shi ne gwani. Washegari ma haka muka yi ta fama, in na bi a ce na bi, in na daina bi hannuna ya tsaya cak.

Da la'asar ɗin rana ta biyu na tafi Zangon garin, unguwar Hausawa, in yi salla cikin 'yan'uwa, in ci abin da bakina ya sani. A ƙofar masallaci na sami wani mai tsire, Alhaji Mamman. A Kwatano aka haife shi, bai taɓa taka Zariya ba, amma da ya ji daga inda na fito sai ya ba ni kujerarsa. Ya ce kakansa mahauci ne daga Ƙofar Kibo, Jatau ake ce masa. Ya tambaye ni ko ganuwa na nan, na ce abin da ya rage nata yana nan. Sai ya rage murya ya ce ya ji ana cewa kakan nasa yana da take, amma duk waɗanda suka san shi sun mutu.

Na san taken Jatau. Yaya yakan kaɗa wa danginsu da suka rage. Na ce, "Alhaji, na san shi, amma rabi na sani."

"Rabi kamar yaya?"

"Amsar ce tawa. Kiran na yayana ne."

"To ba ni rabin."

Na kaɗa masa da yatsu a kan teburin tsire. Inda Yaya ke magana in yi shiru in ƙirga a raina, inda nake shiga in shiga. Ya rufe ido yana ji. Da na gama ya ce, "Wurin nan da kake yin shiru, nan kakan nawa yake?" Na ce nan yake. Ya ce in sake. Sau uku na yi masa, tsire na ƙonewa bai kula ba. A hanyar komawa na ratsa ta bakin teku, wanda ban taɓa gani ba. Na zauna a yashi ina kallon ruwa yana zuwa yana komawa, maganar Alhaji Mamman na yi mini yawo a ka.

Rana ta uku ita ce ta ƙarshe. Kafin mu shiga na ja Kojo gefe na ce masa in an gama babban kalangun nasa ne. Ya ce, "A gama tukuna."

Aka sa mana abin ji a kunne, fitila ta kama. Wannan karon ban saurari wanda zan bi ba. Na rufe ido na bar Yaya ya fara a cikin kaina, na jira ya gama faɗa, na amsa masa. Taken Jatau na soma da shi, sannan na Sarkin Fawa, sannan na mahautan da muka yi wa kiɗa ɗaya bayan ɗaya, rayayyu da matattu. Duk inda nasa yake na bar shi a buɗe. Na zaci su Kojo za su cike wuraren, amma ba su cike ba. Kewaye su suka riƙa yi. Ƙahon yana tashi can sama ya yi kuka ya sauko, kwalaben Baba Firmin na ɗiga kamar ruwan indararo bayan an ɗauke. Ɗakin ya ɓace mini. Ga ni a mayanka da hantsi, tururi na tashi daga ƙasa, ga teku kuma ya zo har gindin ganuwa yana lasar ta, ban ga abin mamaki a ciki ba.

Sai Adela ta sauka kan igiyarta mafi kauri ta riƙe. A cikin shirun da na bar wa Yaya, na ji wani sauti a kunnena, ƙasa-ƙasa, da 'yar rawar tsakuwa. Na buɗe ido. Babban kalangun na kan kujerarsa, ba wanda ya taɓa shi. Daga baya mai ɗaukar sauti ya yi bayani cewa fata takan amsa in sauti mai kauri ya dace da ita, makirufon kuma ya kama. Na yarda da shi, ni ma na san fata. Amma a lokacin hawaye ya zubo mini, na ci gaba da amsawa ina kuka.

Haka muka tafi har na iso kiɗan da Yaya ke tashin taro da shi. Na yi amsata ta ƙarshe na tsaya. Saura bugu uku na babban kalangu, su ke rufe kiɗa, in ba a yi su ba ba a tashi. Na jira. Kojo ya riƙe sauti ɗaya siriri, jijiyar wuyansa ta fito. Sandar Adela ta kusa kai ƙarshe. Su ba su san abin da ake jira ba, sun dai ji akwai abin da bai faɗo ba, suka ƙi sauka. Na sake jira, har a cikin kaina Yaya bai rufe ba. Ban iya barin kiɗan mutane da yawa haka a buɗe ba. Na ajiye ƙaramin, na miƙa hannu na ɗauko babban na sa a hammata. Tsarkiyar ta lotsa daidai inda hannunsa ya saba matsawa. Na buga uku.

Mai ɗaukar sauti ma ya manta da fitilar, ta daɗe tana ci. Da muka fito na zauna ina mayar da kaya cikin buhu, ƙaramin da babban duka. Kojo ya tsaya a kaina yana murmushi, ya ce, "Kyautata fa?" Na ce ya yi haƙuri. Ya ce da ma bai karɓa ba. Maman Roza ta raka ni har bakin titi tana ta yi wa buhun nasiha da harshenta.

Bayan na dawo da mako biyu Kojo ya turo abin da aka ɗauka ta wayar Malam Ilu. Na kunna wa 'yan majalisa. Suka kasa kunne, suka kasa kunne, can wani ya ce, "Malam Tanimu, sai yaushe za a fara?" Ban ji haushi ba, na san inda na baro.

Sai na shiga gida na kunna wa Yaya Asabe. Tana zaune a tsakar gida da rana tana tsintar shinkafa a faranti. Da farko ta yamutsa fuska da jin ƙahon. Da ƙaramin kalangu ya shigo sai hannunta ya tsaya. Can na lura duk inda na yi shiru yatsunta na bugun gefen farantin, suna faɗin abin da Yaya ke faɗa, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Shekara talatin tana jin mu ta bayan katanga, ban taɓa sanin ta haddace ba. Da aka zo ƙarshe ta ɗaga yatsa tana jira, sai bugu ukun nan suka faɗo. Ta ajiye farantin.

"Wa ya rufe?"

"Ni ne, Yaya Asabe."

Ta goge ido da bakin mayafi.

"Ka yi gaggawa a na ukun. Yayanka yakan ɗan jira."

"Zan gyara."

Ta jawo farantin ta ci gaba da tsinta, ba ta dube ni ba. "Ranar Asabar akwai suna a gidan Sarkin Fawa. Sau biyu suna aikowa, ina ce musu ba kowa. In sun dawo me zan ce?"

Daga inda nake zaune ina hango ƙusar zaure, da buhun a ƙasanta ban ko kwance shi ba. Na ce, "Ki ce musu akwai mutum ɗaya."